Batura 48, takarda ta ce 80

Aikin sito a gwamnati, duk kwaramniyarsa, a kan sa hannu guda yake tsaye. Ɗan kwangila ya kawo kaya, ka ƙirga, mai tantance kaya da odita su ƙirga tare da kai, ka shigar a leja da katin kaya, sannan ka rubuta takardar shaidar karɓa, wadda muke ce wa SRV. In babu wannan takarda a maƙale jikin bauca, wato takardar biyan kuɗi, akanta ba zai biya ba. Ranar da asiri ya tonu kuwa, ba wanda ya ba da kwangila ake fara nema ba, ba kuma wanda ya ci kuɗin ba. Sunan da ke ƙasan SRV ake fara karantawa. Ni ne mai wannan suna a wata hukuma ta gwamnatin jiha a Gusau, ina mataki na 8.

Baturan sola ne suka jawo maganar. Takardar oda ta ce 80. Mota ta iso bayan La'asar, aka sauke 48, direba ya ce sauran suna hanya daga Kano. Wannan ba baƙon abu ba ne, kaya sukan zo kashi-kashi, don haka na shigar da 48 a leja, direba ya sa hannu a takardar da ya zo da ita, na rufe sito. Washegari sai ga masinja da SRV an riga an cike ta da 80, odita ya riga ya sa hannu, gurbina kaɗai ya rage.

Na ɗauke ta na hau sama wurin darakta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, shekara ta zo ƙarshe. In ba a biya ba kafin a rufe asusu, kuɗin komawa za su yi. Sa hannu, sauran na tafe.” Maganar rufe asusu gaskiya ce, duk ma'aikaci ya san yadda ake rububin biyan bauca a watan Disamba. Na ce, “Ranka shi daɗe, in rubuta ta 48 yanzu a biya kuɗinsu, in sauran sun iso in rubuta wata. In kuma lallai sai 80, a ba ni umarnin a rubuce.” Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Kai kaɗai ke tsoron Allah a gidan nan?” Ya karɓi takardar ya jefa a durowa.

Na zaci magana ta mutu. Ashe an biya kuɗin cif. Yaron da ke taimaka mini a sito, ɗan mataki na 4 mai sabon aure, shi aka kira ya cike gurbin ranar da na tafi jana'iza. To yanzu leja ta ce 48, bauca ta ce 80, ga kwamitin ƙirgar kaya na ƙarshen shekara yana tafe. Giɓin batura 32 a wuyan mai riƙe da makulli zai faɗa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka jarumta ce ta tashe ni. Mafi yawan ma'aikatan da ke kai rahoto cikin gida ba neman suna suke yi ba, sun hango ne igiyar za ta zarge a wuyansu.

Na tafi Tudun Wada wurin tsohon maigidana, wanda ya koya mini aikin leja kafin ya yi ritaya. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, “Yaro, kak ka yi magana da baki. Baki ba shi da kwafi. Rubuta. Kuma kak ka kira kowa ɓarawo, ba kai ne alƙali ba. Faɗi abin da ka ƙirga, ka yi shiru.” Shi ya tuna mini da abin da na sani amma ban taɓa auna nauyinsa ba: ƙa'idar aiki ta ce takardar ma'aikaci zuwa ga shugaban hukuma sai ta bi ta hannun shugaban sashensa. Wato ƙorafina a kan abin da darakta ya sa a yi, ta teburin darakta zai wuce. Dabarar da tsofaffin ma'aikata ke yi ita ce a kai wani kwafi kai tsaye ofishin shugaba, a rubuta a samansa cewa na asalin yana tafe ta hanyar da ta dace. Ta haka ba ka tsallake kowa ba, ba kuma a iya binne takardar a durowa.

Takardar ba ta cika shafi guda ba. Lambar oda, ranar da mota ta zo, abin da aka sauke, shafin leja, lambar SRV da ba ni na rubuta ba, lambar bauca. Sai roƙo guda biyu: a zo a ƙirga abin da ke sito a gabana, a kuma ba ni umarnin yadda zan daidaita leja. Na maƙala hoton takardar direba mai sa hannunsa a kan 48. Ban ambaci zaman da muka yi da darakta ba, tunda ba ni da shaida sai kunnena.

A rajista aka ɗan yi jim. Magatakardan ya karanta kan takardar, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, “Malam, ka tabbata?” Na ce na tabbata. Tawadar hatiminsu ta bushe, sai da ya ɗiga ruwa daga ledar fiya-wata a kan soson, ya murza, ya gwada a bayan wata tsohuwar ambulan, sannan ya buga a kwafina. Hatimin ya fito dishi-dishi, don haka na roƙe shi ya rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa da biro, ya sa hannu. Na tsaya har ya shigar da ita a babban littafin karɓar wasiƙu, na kwafe lambar layin a bayan takardata. Ya ce, “Allah shi kyauta.” Kafin in sauko ƙasa labari ya riga ni.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin kowace ƙa'ida. Masu cin abinci tare da ni a gindin dalbejiya suka sauya wuri. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Wani dattijo da nake jin kunyarsa ya zo har gida bayan Isha'i, wai an roƙe shi ya yi mini nasiha a kan rufin asirin Musulmi, ya ce kowa da iyali, kada in zama sanadin raba wani da abincinsa. Na ba shi girmansa, na ce, “Baba, in na janye, batura 32 wa zai biya?” Ya ce Allah zai kawo mafita. Uwargida ba ta ce in janye ba, ba ta kuma ce in ci gaba ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko za a taɓa albashi.

Ba a jima ba sai ga takardar tuhuma. Laifi biyu: rashin ɗa'a ga na gaba, da fitar da takardun gwamnati ba da izini ba, wai saboda hoton takardar direba da na yi a shagon kwamfuta. An ba ni awa 72 in faɗi dalilin da zai hana a hukunta ni. A daren na nemi wani lauya ɗan unguwarmu, wanda na sani tun yana firamare.

Tambayar farko da na yi masa ita ce ta tsarin kwarmata bayanai da muka sha ji a rediyo. Ya ce, “Kawu, cire wannan daga ranka tukuna.” Tsarin nan ma'aikatar kuɗi ta tarayya ce ta fito da shi a Disamban 2016, zamanin minista Kemi Adeosun, da alƙawarin ba wa mai kwarmato kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Shi ne ya yi tashe lokacin da aka gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a 2017. Amma manufa ce ta gwamnati, ba doka ba ce da majalisa ta yi, kuma Abuja ke riƙe da ita. Majalisar dattawa ta zartar da ƙudirin kare masu kwarmato a 2017, bai zama doka ba. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da wani sabon daftari a Disamban 2022, shi ma har ranar da muke wannan zama bai zama doka ba. Ya ba ni labarin Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, wanda ya kai rahoton almundahana a 2016, aka kore shi a farkon 2017 alhali tsarin yana sabo fil, sai da jaridu da ƙungiyoyi suka yi ta kumfar baki kafin a mai da shi bakin aiki. Ma'aikacin tarayya ke nan, a Abuja, ballantana ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin da ya nuna mini tsakanin kai ƙara waje da kai ta cikin gida. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000, a sashe na 64, ta ce a ɓoye sunan wanda ya kawo bayani. Dokar EFCC ta 2004 ma tana da irin wannan tanadi a sashe na 39. Wanda ya lallaɓa ya tafi ofishin EFCC na Sakkwato, doka ta yi masa lulluɓi, sai dai ya sani a dokar ICPC ɗin wanda ya kai ƙarya da gangan zai iya shan ɗauri har shekara 10. Ni kuwa da na bi ladabin aiki na sanar da masu gidana, da hannuna na rubuta sunana da lambar fayil ɗina, na miƙa wa wanda maganar ta shafa. Ana ta yi mana wa'azin a fara gyara daga cikin gida, amma mai bin wannan wa'azi shi ya fi kowa zama a fili. Lauyan ya ce a wasu ƙasashe an toshe wannan kafa. Dokar Afirka ta Kudu ta 2000 da ta Gana ta 2006 duk sun amince ma'aikaci ya kai rahoto ga wanda ya ɗauke shi aiki, sun kuma lissafa abubuwan da ba za a yi masa ba saboda rahoton: kora, dakatarwa, hana ƙarin girma, da sauya masa wurin aiki ba da son ransa ba. Wannan na ƙarshen na tuna da shi daga baya.

Da me za mu kare kai ke nan? Ya buɗe dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 a wayarsa, ya nuna mini sashe na 27. Ya ce ko da a ce waje na kai takardar, sashen ya kare jami'in gwamnati da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa ya nuna karya doka, ko zamba, ko ɓarnar dukiya, daga kamun dokar sirrin gwamnati. An daɗe jihohi suna cewa dokar ba ta hau kansu ba sai sun yi tasu, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a Afrilun 2025 cewa ta shafi kowane mataki na gwamnati. Sai ya gargaɗe ni: sashen yana hana a gurfanar da kai, bai ce uffan ba a kan abin da oga zai yi maka da biro. Sauran kariyar tana cikin ƙa'idojin aiki su kansu. Ma'aikacin da aka tabbatar a aiki ba a korarsa kamar yaron shago. Sai an tuhume shi a rubuce, ya ba da amsa, kwamiti ya zauna ya saurare shi, kuma a matakina hukuncin kora ba a hannun darakta yake ba, yana wurin hukumar kula da ma'aikata ta jiha. In aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin rigingimun aiki, takan rushe hukuncin. Ya ce amma kada a yi sanya, don lauyoyin gwamnati sukan ɗago wata tsohuwar doka mai cewa ƙarar jami'in gwamnati a shigar da ita cikin wata uku. Ya kuma faɗa mini abin da uwargida ke tsoro: ana iya dakatar da mutum a riƙa ba shi rabin albashi kafin a gama bincike.

Muka rubuta amsa a daren. Na ce ban tsallake kowa ba, ga hatimin rajista. Na ce takardar ba ta fita daga hukuma ba, daga sito ta tashi zuwa ofishin shugaba. Na ce sanar da giɓin kaya aikina ne, da na yi shiru da shi ne laifin. Na maimaita roƙon a zo a ƙirga. Na kai da safe, na sake tsayawa a kan magatakarda.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna a ɗakin taro, mutum biyar, da wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata a gefe yana rubutu. Sun ɗauki lokaci a kan shagon kwamfuta: wane shago, wa ya riƙe takardar, ko mai shagon ya karanta. Ana cikin haka wata Hajiya daga sashen mulki, wadda ba ta ce komai ba tun farko, ta tura gilashinta sama ta ce, “Ni dai ban gane ba. Baturan nan suna sito ko ba su nan?” Ɗakin ya yi tsit. Shugaban kwamiti ya ce ba shi ne abin da aka ɗora musu ba. Ta ce, “To a rubuta a minti na tambaya.” Aka rubuta a bayanan zaman. Daga nan babu yadda za a yi, aka sauka sito gaba ɗaya, na buɗe, muka ƙirga da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya. 48.

Kafin kwamiti ya miƙa rahoto, wata mota ta zo da sassafe da batura 32. Ba irin waɗancan ba ne, amma na ƙirga, na rubuta irinsu da ranar da suka iso, na yi musu SRV da kwanan watan gaskiya. Takardar sakamako ta zo da layi uku: an duba amsata, an janye tuhumar, ana shawartata da in riƙa kiyaye sirrin aiki. Yaron sito ya sami takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Ban ji an aika wa kowa a sama da komai ba.

Sai canjin wurin aiki. Sunana ya fito a tsakiyar jerin mutane da yawa, a ƙarƙashin jimlar nan da kowa ya haddace, wai don inganta aiki. An tura ni wani ofishin shiyya da ba shi da sito ma, a hanyar da direbobi ba sa bi sai da rakiyar jami'an tsaro. A wata jihar canji ɗawainiya ce ta haya da makarantar yara. A Zamfara ta yau, wanda ya san abin da ake nufi in an ce hanyar Ɗansadau ya san takardar canji tana iya fin takardar kora nauyi. Kuma ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba, tunda kowannenmu ya amince tun ranar ɗaukar aiki zai yi aiki duk inda aka kai shi. Lauya ya ce kada in ƙi zuwa, don ƙin kama aiki babban laifi ne da zai ba su abin da suka rasa. Na je na sa hannu a rajistar kama aiki, na dawo na rubuta koke zuwa ofishin shugaban ma'aikata, na jera takardun bi da bi da kwanan watansu: rahoto, tuhuma, amsa, janyewa, canji. Ban ce ramuwa ce ba, jerin ya faɗa da kansa. Na kai kwafi ofishin hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda ke da reshe a kowace jiha tun bayan kafa ta a 1975. Ba ta da ikon tilasta wa kowa, amma wasiƙarta takan sa a buɗe fayil ɗin da aka danne. Sakataren ƙungiyarmu ma ya yi ta sintiri, Allah shi saka masa.

Lokacin da gwamnatin jihar nan ta sanar da cewa tantance ma'aikata ta bankaɗo na bogi fiye da 2,000, mutane suna ta mamaki a majalisun hira. Ni ban yi ba. Kowane suna a cikinsu akwai ƙaramin ma'aikacin da ya buga shi a jerin albashi wata bayan wata, ya kuma san babu mai shi. Ba duka ne suka ci ba. Da yawa lissafi suka yi irin wanda na yi, suka ga shiru ya fi araha. Ba na zarginsu, ko da yake ba na ce sun kyauta ba.

Koken ya yi rabin aiki. An soke turawar, aka mai da ni wata hukuma a cikin Gusau, inda suke da nasu jami'in sito, don haka tebur aka ba ni a sashen mulki ina shigar da takardun hutu. Albashi bai taɓa tsayawa ba. Abin da ya tsaya shi ne ƙarin girma: takardar auna aikin shekara, wadda shugaban sashe ke cikewa, ba ta iso daga tsohon wurina ba, wai ana nema, kuma ba a zama jarabawa sai da ita. Sa'o'ina sun hau mataki na 9. Na rubuta neman ta, na rubuta tuni, duka ta rajista. Lauya ya ce mu jira jerin da za a fitar nan gaba. In babu sunana a ciki, sai mu ɗauki fayil mu nufi kotun ma'aikata a Sakkwato.